Keken Ɓauna a Zambiya: Yadda Mai Sana'ar Giyar Keke Ya Zaɓi Keke Mai Giya Ɗaya

A shekarar 2006 ƙungiyar agaji ta World Bicycle Relief ta karɓi aikin samar da kekuna 23,000 ga ma'aikatan sa-kai da ke kula da masu fama da cutar ƙanjamau a ƙauyukan Zambiya. Aikin yana cikin wani shiri da ake kira RAPIDS, wanda gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyinsa ta hannun hukumar USAID, ƙungiyar World Vision kuma take jan ragamarsa. Ma'aikatan mutanen ƙauye ne, maza da mata, waɗanda ke takawa a ƙasa daga wannan gida zuwa wancan domin duba majinyata da marayu, kuma yawancin yininsu yana ƙarewa ne a kan hanya tun kafin su isa inda ake jiransu. Babu wanda ya yi gardama a kan cewa keke suke bukata. Abin da ya ɗauki shekaru kafin a warware shi ne irin keken da ya kamata a ba su.

Mutumin da wannan tambaya ta faɗo wa, F.K. Day, ya san keke ciki da bai. Yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin SRAM a birnin Shikago a 1987, kuma abin da kamfanin ya fara yin suna da shi shi ne wata na'urar canja giya da ake murɗawa a hannun keke. Shi da matarsa, Leah Missbach Day, suka kafa ƙungiyar World Bicycle Relief a 2005, bayan igiyar ruwan tsunami da ta afka wa gaɓar Tekun Indiya ranar 26 ga Disamba, 2004. Aikinsu na farko a Siri Lanka ne, inda suka raba kekuna fiye da 24,000 ga mutanen da suka rasa komai, kuma a cikin ƙasar aka samo kekunan. Da wannan ƙwarewa suka iso Zambiya, suna zaton za a nemi keken da ke kasuwa a saya a raba, a wuce wurin.

Keken da suka tarar a kasuwa ba baƙo ba ne ga mai karatu Bahaushe. Shi ne baƙin keken nan mai dogon firam da manyan tayoyi masu inci 28, mai birkin sandar ƙarfe, irin zubin Rali da Fanis da iyayenmu suka hau zuwa gona da kasuwa. Zubin ya samo asali ne daga Ingila tun farkon ƙarni na ashirin, kuma a kan kansa ba shi da aibu, domin an tsara shi ne saboda mutumin da zai zauna a miƙe ya ɗauki kaya ya yi tafiya mai nisa ba tare da gaggawa ba. Matsalar tana cikin abin da ya faru da shi a tsawon shekaru. Mai shigo da kaya yana neman araha, masana'anta tana rage kaurin ƙarfe da ingancin boris da waya domin ta sauko da farashi, wanda zai hau keken kuma yana can nesa a ƙauye, ba shi da hanyar da kukansa zai kai ga wanda ya ƙera. Siffar keken ta tsaya yadda take, ƙarfinsa ya zube. Da aka gwada irin waɗannan kekuna a kan hanyoyin karkarar Zambiya, ba a daɗe ba feda ta fara karyewa, wayoyin taya suna tsinkewa, rim yana lanƙwashewa, kariya tana durƙushewa idan aka ɗora mata buhu.

Ga ma'aikacin jinya da ke ƙauye, lalacewar keke ba ƙaramin abu ba ne. Idan ya goyo majinyaci zuwa asibiti tayar baya ta lanƙwashe a tsakiyar daji, to ya koma baya fiye da wanda ya taho a ƙasa, saboda yanzu yana da majinyaci a hannu ga kuma keken da zai ja.

Hanyoyin da aka ƙi bi

Akwai hanya mai sauƙi da ƙungiyoyi da yawa suke bi, wato a tattara tsofaffin kekuna daga gidajen mutane a Amurka da Turai, a cika kwantena a aiko. World Bicycle Relief ba ta karɓar tsofaffin kekuna, kuma dalilin ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne zuciyar wannan lamari. Kwantena ɗaya ta gwanjo tana iya ƙunsar kekuna masu girman taya huɗu ko biyar daban-daban, da bawul iri uku waɗanda ba kowane famfo ke shiga kowannensu ba, da sarƙoƙi masu kauri daban gwargwadon yawan giya, da birki na waya da na faifai da na mai. Ranar da aka raba su kowa yana murna. Bayan wata shida, sai a ga cewa kowane keke yana bukatar kayan gyara nasa na kansa, waɗanda ba a sayar da su a kasuwar da ke kusa, wani lokaci ma ba a sayar da su a ƙasar baki ɗaya.

Keken hawan dutse, wanda shi ne ya fi yawa a cikin gwanjo, yana da ruɗi na musamman, domin ido yana ganin faffaɗar taya mai ƙuraje da shoka a gaba sai zuciya ta ce ai wannan shi ne na hanyar ƙauye. Amma an ƙirƙiro shi ne a yankin Marin na jihar Kalifoniya a shekarun 1970 saboda masu wasan gangarowa daga tsauni, mutanen da ba sa ɗaukar kaya, suke kuma komawa gida su wanke keken su shafa masa mai. Giyarsa tana aiki ne da wani siririn hannun ƙarfe da ke rataye kusa da ƙasa a gefen tayar baya, wanda ke ɗaga sarƙa daga wannan haƙori zuwa wancan. Na taɓa tsayawa wurin wani mai gyaran keke a bakin kasuwar garinmu ina kallon yadda yake fama da irin wannan hannu. Ciyawa ta nannaɗe ƙananan ƙafafunsa guda biyu, rairayi ya haɗu da baƙin mai ya zama kamar ƙullu, keken kuma ya taɓa faɗuwa ta wannan gefen har hannun ya karkace ya shiga cikin wayoyin taya. Mai gyaran ya juya shi sau biyu a tafin hannunsa, ya dubi yaron da ya kawo keken ya ce, "Ɗan samari, wannan ba na gyara ba ne, sai dai mu cire shi mu rage sarƙar." Ya kuwa cire, ya yanke sarƙar ya haɗa ta a kan haƙori ɗaya. Keke mai giya 21 ya koma mai giya ɗaya, kuma ba lalle ne giyar da ta dace da ƙafar yaron ba. Abin da ke faruwa da yawancin waɗannan kekuna ke nan idan suka yi nisa da birni, a Zambiya ko a ko'ina.

Ga kuma batun kaya. Firam ɗin keken da ke da shoka a baya ba ya karɓar kariya mai ƙarfi, wanda aka yi da alminiyam kuma idan ya tsage, mai waldar ƙauye ba shi da abin da zai haɗa shi da shi, alhali baƙin ƙarfe kowane mai walda yana iya ɗinke shi. Keken tsere kuwa ba a ma kawo shi cikin lissafi, tun da abin da ake nema a gare shi shi ne rashin nauyi, har hukumar tseren keke ta duniya ta kafa doka cewa kada ya gaza kilo 6.8, kuma siririyar tayarsa kwalta kawai ta sani.

Abin da aka ƙera

Tun da ba a sami abin da ake nema a kasuwa ba, ƙungiyar ta shiga gyara keken da kanta sashe bayan sashe. Abin da ya karye a ƙauye sai a dawo da shi a duba dalilin karyewarsa, a koma wurin masana'anta a nemi wanda ya fi shi ƙarfi. Daga wannan aiki na shekaru aka sami keken da aka sa wa suna Buffalo, wato ɓauna, kuma kamfanin Giant na Taiwan, ɗaya daga cikin manyan masana'antun keke na duniya, yana cikin masu ƙera shi, ana kawo sassan a harhaɗa su a Afirka.

Keken Buffalo ya haura kilo 20, nauyin da ya ninka na keken tsere sau uku. Firam ɗinsa baƙin ƙarfe ne mai kauri, wayoyin tayarsa sun fi na keken kasuwa kauri, tayoyinsa an yi su ne don jure ƙaya, kuma kariyarsa an ƙera ta ne don ɗaukar kilo 100. Wannan adadi shi ne ya juya duk sauran lissafin, domin kilo 100 yana nufin babban mutum majinyaci a zaune a baya, ko buhu biyu na masara masu kilo 50, ko jarkoki huɗu na ruwa masu lita 20 da sauran sarari. Ƙafar tsayar da keken ba ta gefe ɗaya ba ce. Tana kewaye tayar baya ta ɗaga ta sama, yadda mutum shi kaɗai zai iya ɗaure kaya ba tare da keken ya kife masa ba. Sandar sama ta firam kuma an sauko da ita ƙasa kaɗan kusa da sirdi, saboda mace mai zani ko siket, da yaro wanda ƙafarsa ba ta gama tsawo ba, su iya hawa keke ɗaya da namiji babba.

Abu biyu ne suka fi ba mutane mamaki idan suka tuna sana'ar wanda ya kafa ƙungiyar. Na farko, keken giya ɗaya gare shi. Mutumin da kamfaninsa ke cin abinci da sayar da giyar keke ga masu tsere a duniya ya zauna ya yi lissafi ya ga cewa a ƙauyen da ke nesa da shagon gyara, duk wani abu mai motsi da aka ƙara wa keke ƙarin wurin lalacewa ne. Yawancin ƙasar Zambiya kuma shimfiɗaɗɗen tudu ne da ya haura mita 1,000 daga doron teku, hawa da gangararsa ba su da tsanani a wurare da yawa, saboda haka giya ɗaya da aka zaɓa da kyau tana isa. Na biyu, birkin yana cikin cibiyar tayar baya ne, kuma da ƙafa ake kama shi, wato mahayi ya mai da feda baya. Irin wannan birki ba shi da waya da za ta tsinke, ba shi da robar da za ta cinye, ruwa da taɓo ba sa shiga cikinsa, kuma ko rim ya ɗan karkace yana ci. A ƙasar da damina ke kamawa daga Nuwamba zuwa Afrilu tana mai da hanyoyin ƙasa su zama caɓi, wannan ba ƙaramar riba ba ce, domin birkin roba a kan jiƙaƙƙen rim na ƙarfe sai ya yi ta zamewa kafin ya kama.

Birkin yana da nasa rauni, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Idan sarƙa ta zame, birki ya tafi tare da ita. A doguwar gangara kuma cibiyar tana yin zafi har giris ɗin da ke ciki ya ƙone. Waɗancan matasan Kalifoniya da suka fara wasan gangarowa daga tsauni da irin wannan birki suka fara, kuma sunan da suka raɗa wa shahararriyar gangararsu, Repack, ya fito ne daga yadda dole a buɗe cibiyar a sake cusa mata giris bayan saukowa. Don haka birkin da ya dace da filin Monze ko Mazabuka a kudancin Zambiya ba lalle ne ya dace da ƙasa mai tsaunuka ba.

A ganina, shawarar da ta fi duk waɗannan muhimmanci ba a jikin keken take ba. Ƙungiyar ta horar da makanikai a cikin ƙauyukan da aka raba kekunan, ta ba su kayan aiki, sannan a 2008 ta kafa wani kamfani nata, Buffalo Bicycles, wanda ke sayar da keken da kayan gyaransa a shaguna, ribar kuma ta koma aikin agaji. An kuma yi ƙoƙarin ganin sassan keken suna dacewa da kayan gyaran da aka saba samu a kasuwannin yankin, kuma ana iya kwance shi da sifana da ƙananan kayan aikin da kowane mai gyara ke da su. Wanda ya zaɓi keke bai zaɓi ƙarfe kaɗai ba, har da wanda zai gyara masa shi da shagon da zai sayi tif da sarƙa, kuma a Zambiya sai da aka gina waɗannan biyun tare da keken.

Gwaji a makarantu

Daga ma'aikatan jinya aikin ya faɗaɗa zuwa ɗalibai. A 2009 ƙungiyar ta haɗa hannu da Ma'aikatar Ilimi ta Zambiya a wani shiri na raba kekuna ga yaran makarantun karkara, inda aka ware kashi 70 cikin 100 na kekunan ɗalibai ga 'yan mata. Ba kyauta ce ta kai tsaye ba. Ɗaliba da iyayenta suna sa hannu a yarjejeniya cewa keken na zuwa makaranta ne, kuma sai bayan ta cika wa'adin da aka ɗiba tana halartar aji zai zama nata. Kwamitin mutanen gari ne ke zaɓen waɗanda suka fi bukata, shi ne kuma ke sa ido kada uba ko wa ya karɓe keken ya bar yarinya tana takawa. A nan ne saukakkiyar sandar firam ta yi amfaninta, domin da an ba yarinya 'yar shekara goma sha uku dogon keken maza, da dalilin karɓe shi daga hannunta ya samu tun ranar farko.

Wannan shiri ne aka yi wa bincike mai tsauri. Masana tattalin arziki, ciki har da Nathan Fiala da Nishith Prakash, tare da cibiyar Innovations for Poverty Action, sun ɗauki makarantu 100 a Lardin Kudu na Zambiya, a gundumomin Monze da Mazabuka da Kalomo, aka raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ba 'yan matansu kekuna wasu ba a ba su ba. 'Yan matan da aka bi diddiginsu sun haura 2,000, kuma dukansu suna zaune ne aƙalla kilomita 3 daga makaranta. Bayan shekara guda, lokacin da waɗanda suka sami keke ke ɓatawa a hanya ya ragu da kusan sulusi, makara ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku, fashin makaranta kuma ya ragu da fiye da rubu'i.

Ya kamata a karanta wannan sakamako da hankali. Binciken ya kwatanta yarinya mai keke da yarinya marar keke ne, bai kwatanta Buffalo da wani keken daban ba. Abin da za a iya cewa a kan irin keken shi ne, sakamakon da aka auna bayan shekara guda yana yiwuwa ne kawai idan kekunan suna nan a kan hanya bayan sun ci damina ɗaya cikakkiya, abin da kekunan gwajin farko suka kasa yi.

Manoma ma sun shiga, kuma su da kuɗinsu suka saya. A ƙungiyar masu kiwon shanun madara ta Palabana, kusa da Lusaka, an sayar wa manoma keken a kan bashi, ana cirewa daga kuɗin madarar da suke kaiwa cibiyar tattarawa. Madara ba ta jira, idan ta daɗe a hanya cikin zafi sai ta yi tsami cibiyar ta ƙi karɓa, saboda haka abin da manomi ke saye shi ne kariyar da za ta ɗauki garwar madara cike, da tabbacin cewa keken ba zai tsaya masa a hanya da safe ba. Keken ya fi na kasuwa tsada, kuma wannan shi ne babban abin da ake suka da shi, domin talakan da ke da kuɗin keke mai araha a hannunsa yau ba kullum yake iya jiran tara kuɗin wanda zai daɗe ba. Shi ya sa tsarin biya kaɗan-kaɗan ya zama wani sashe na zaɓin.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi yana iya ganin kansa a cikin wannan lissafi, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023, lokacin da mutane da yawa suka ajiye babur suka koma neman keke, kuma abin da ya fi cika ido a kasuwa shi ne gwanjon hawan dutse. Amma amsar Zambiya ba za ta kwafu yadda take ba. Ma'aikacin da ke tafiyar kilomita biyar a kan kwalta da jaka ɗaya a bayansa ba shi da dalilin jan kilo ashirin da wani abu kullum, kuma idan akwai mai gyaran da ya iya giya a unguwarsu, gwanjon zai yi masa aiki sosai. Wanda zai ɗauki jarkokin ruwa ko buhun taki a hanyar jigawa mai tsidau, shi ne yanayinsa ya yi kama da na manomin Palabana.

Ita kanta ƙungiyar ba ta tsaya a kan amsarta ta farko ba. Da aikinta ya bazu zuwa Kenya da Malawi da Zimbabuwe da Yuganda, har da Kolombiya a Kudancin Amurka, sai ƙorafin da aka daɗe ana ji ya ƙara ƙarfi, cewa giya ɗaya a kan keke mai wannan nauyi, ga kaya a baya, tana tilasta wa mahayi ya sauka ya tura a kowane hawa, kuma yara da mata ne suka fi shan wannan wahala. Injiniyoyin ba su koma ga siririn hannun nan mai rataye kusa da ƙasa ba. A 2024 aka fito da sabon samfuri mai suna Buffalo Utility S2, wanda ke da giya biyu da sarƙa biyu, kowace giya da sarƙarta, ɗaya don fili ɗaya don hawa. Mahayi yana canja giya ne ta mai da feda baya, ba waya ba maɓalli, kuma idan sarƙa ɗaya ta tsinke, ɗayar tana iya kai shi gida. Tun da mai da feda baya ya zama aikin canja giya, birkin ƙafa ya bar wannan samfuri, aka mai da birkin hannu, wato an dawo da waya da robar da aka guje wa tun farko domin a sami giyar hawa. Keken ya sami lambar yabo a baje kolin kekuna na Eurobike a Jamus a wannan shekarar.